ZAUREN MASU JEGO: Tumbuɗin jariri da gwangwanin madara a Gadarif

Gaisuwa ta musamman ga masu karatunmu na Gadarif da Doka da Hawata da Showak, da iyayen gida da fatauci ya kai su Gallabat ko Bur Sudan ko Jidda. Allah Ya sa a dawo a tarar da iyali lafiya.

Maganarmu ta yau a kan tumbuɗi ce. Tambaya ce da ke yawan dawowa cikin saƙonninku, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Jaririna duk ya sha nono sai ya dawo da shi, wace madara zan saya masa?" Ku dubi tambayar da kyau. An riga an yanke wa nonon uwa hukunci, sunan gwangwani kawai ake nema. Haka abin yake a ɓangaren maza. Maigida yana nesa, an turo masa saƙon murya cewa yaron nan fa ba ya riƙe nono, hankalinsa ya tashi, abin da zai iya yi daga can shi ne ya buɗe Bankak ya tura kuɗi, ya ce a je ajzakhana a sayo mai tsadar. Niyya ce mai kyau, Allah Ya saka. Sai dai a halin da Gadarif ke ciki, wannan kyauta tana iya zama garin neman gira a rasa ido.

Me ke kawo tumbuɗi?

A inda hanyar abinci ta haɗu da ciki akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta kamar na igiyar bakin buhu ne: ta saki abinci ya shiga, ta tsuke kar ya dawo. A jikin jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba, tana saki ko da ba a so. Ga cikinsa ƙarami, ga abincinsa ruwa zalla, ga shi yawancin yini a kwance. Jariri mai kilo 4 yana shan abin da ya kai mililita 600 a rana. Idan aka kwatanta da nauyin jiki, kamar a ce magidanci mai kilo 70 ya sha lita 10 na madara a yini, yana kwance a kan angarib. Wa zai riƙe wannan bai dawo da komai ba?

Likitocinmu a nan suna kiran abin irtija'. Jagorar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2015 ta nuna cewa aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yin sa, yana farawa kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yin sa sun daina kafin su cika shekara. Ya fi yawa a wajajen wata 4. Da yaro ya fara zama, ya fara cin abinci mai kauri, sai ki ga abin yana ja da baya da kansa. Masu shan nono suna yi, masu shan madarar gwangwani ma suna yi. Don haka canja abin da ke shiga cikin ba ya ɗaure bakin buhun. Lokaci ne ke ɗaure shi.

Sikeli ne alƙali

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba wanda ke sayen riɗi da kallon abin da ya zube a ƙasa, buhun ake ɗorawa a sikeli. To haka ma jariri. Abin da ya ɓata miki zani yana rudin ido. Gwada ki zuba madara cokali ɗaya na cin abinci a kan tsumma, ki ga faɗin da zai yi, za ki gane cewa abin da kike ganin "duk ya dawo" sau da yawa bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba.

Abin dubawa uku ne. Yana jiƙa tsumma da fitsari kamar sau 6 a yini? Yana kama nono da marmari, ya saki ya yi barci ko ya yi wasa? Nauyinsa yana hawa? Jariri yakan maido nauyin haihuwarsa cikin mako biyu, a watanni ukun farko yana ƙara gram 150 zuwa 200 ko fiye a mako, ya ninka nauyin haihuwa a wajajen wata 5. Duk ranar rigakafi ki sa a auna shi a rubuta a kati. Idan layin katin yana hawa, tumbuɗin nan aikin wanki ne ya ƙaru miki, shi ke nan. Maigida kuma, maimakon ka ce a turo maka hoton rigar da ta ɓaci, ka ce a turo maka hoton katin.

Inda ba a jira

Tumbuɗi daban, amai daban. Tumbuɗi yana gangarowa ne a hankali, yaro ma bai damu ba. Amma idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauki yaro a nufi asibiti a ranar, ko da dare ne:

Amai kore ko ruwan ɗorawa mai ratsin kore. Wannan yana iya nuna toshewar hanji.

Amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, musamman tsakanin mako 2 zuwa 8, yaro ya yi aman kuma ya nemi nono da yunwa. Akan samu ƙofar fita daga ciki ta yi kauri ta tsuke, an fi ganin haka ga 'ya'ya maza. Ƙaramar tiyata ce maganinsa, ba madarar da ke gyara shi.

Jini a amai ko a kashi, ko kumburin ciki.

Zazzaɓi, ko kasala da ƙin kama nono, ko maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, ko fitsari ya ragu sosai.

Amai tare da gudawa kamar ruwa.

Sai kuma waɗanda za a kai wa likita ba tare da an bar su sun daɗe ba: nauyi ya tsaya ko yana sauka, yaro yana banƙarewa yana kuka a kowane sha, tari ko shaƙewa da ke yawan dawowa, ko abin ya fara sabo bayan wata 6, ko ya zarce shekara.

Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya jituwa da sinadarin madarar shanu. Su sukan haɗa amai da ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko gudawa, ko ɗigon jini a kashi. A nan ne sayen gwangwani ya fi ɓarna, domin kusan duk madarar jarirai da madarar shanu ake yin ta. Idan yaron yana shan nono, likita yakan ce uwar ta bar shayi da madara da zabadi da rob da jibna na mako 2 zuwa 4 a gani, ta ci gaba da shayarwa. Madarar akuya ba mafita ba ce, sinadarinta ɗan uwan na shanu ne.

Abin da za ki gwada kafin ki taɓa gwangwani

Ki ba shi kafin ya gigice da kuka, don mai kuka iska yake haɗiya. Ki riƙe shi kansa ya ɗara cikinsa tsawo. Ki bar shi ya gama da ɓangare ɗaya har ya yi laushi kafin ki juya shi. Idan nononki mai zuba ne da ƙarfi har yana ƙwarewa, ki ɗan kishingiɗa baya ki ɗora shi a ƙirjinki, ko ki tatse kaɗan kafin ya kama. A tsakiyar sha da bayansa ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa, sannan ki riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. Kar a cilla shi sama ana wasa bayan ya ƙoshi, kar a ɗaure shi tamau da majanyi nan take ki duƙa shara ko wanki. A nisanta shi da hayaƙin sigari da shisha, haka ma hayaƙin dukhan da turaren wuta.

Wajen barci, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙwari, babu matashi. Na san habboba za ta ce a kifa shi don kar ya shaƙe. A yi mata bayani cikin ladabi: lafiyayyen jariri da ke rigingine yana juya kai ya haɗiye ko ya tofar, kwanciyar rub da ciki kuwa ita aka tabbatar tana ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci.

Kar a ba shi ruwa ko jiƙo ko ɗauri kafin wata 6. Zuma sai ya cika shekara. Ma' garib ba ya tsayar da tumbuɗi. Magungunan ƙwarnafi irin su omeprazole, da na tsayar da amai irin su domperidone, ba na saye a kan kanta ba ne, sai likita ya duba yaro ya rubuta.

Lissafin da ba a rubuta a jikin gwangwani ba

Yanzu bari mu yi maganar kasuwa. Jaririn da madarar gwangwani kaɗai yake sha yana buƙatar kimanin kilo 20 na garin a watanni shida na farko. Wato gwangwani 50 masu gram 400. Maigida, ka tambayi farashin guda ɗaya yau, ka ninka sau 50, ka ƙara gawayin tafasa ruwa sau takwas a yini da sabulu, sannan ka tuna yadda jinai ke faɗuwa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da yadda kaya ke ɓacewa daga kanta idan hanya ta rufe. Gwangwanin farko ba shi da wuyar saye. Na talatin ne ke kawo magana, lokacin da kuɗin riɗi ya ƙare, damina ta tsayar da motoci.

A nan ne uwa ke fara dabarar talaka: ludayi uku a ruwan ludayi biyar, don gwangwani ya kai Juma'a. Yaro yana sha cikinsa ya cika, jikinsa yana zubewa. Ruwan da ya yi yawa kuma yana iya sauke gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Kuma a lokacin nonon da aka bari ya riga ya ja baya, domin nono kamar rijiya yake, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa.

Sai maganar ruwa. Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san ƙishin garin nan tun kafin yaƙi, ya san ruwan karo da ake saye ganga-ganga a zuba a zir. Sai ga baƙin da suka taso daga Khartum, da na Madani bayan Disamba 2023, da na Sinja a 2024, a lokacin gida ɗaya ya koma iyali uku, makarantu suka zama masauki. A watan Satumba na 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif, ta sake dawowa ƙasar a Agusta 2024. A irin wannan wuri, jaririn da nono zalla yake sha yana cikin garkuwa, domin ruwan ganga bai isa bakinsa ba, kuma nonon yana ɗauke da kariyar da ke yaƙar cututtukan hanji. Wanda ke kan fida kuwa sau takwas a yini ake buɗe wa cuta ƙofa.

An ga misalin haka a wasu ƙasashe. Bayan girgizar ƙasa ta Yogyakarta a Indunusiya a 2006, an raba madarar jarirai kyauta, aka samu gudawa ta fi ninki biyu a tsakanin yaran da suka karɓa idan aka kwatanta da waɗanda ba su karɓa ba. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallata madarar jarirai ga jama'a da raba samfurinta kyauta ga iyaye mata. Don haka ku masu alheri da ke aiko da kaya ga 'yan gudun hijira, katan ɗin madara a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya su san wanda ya dace, kar a raba shi gida-gida kamar sukari.

Wata za ta ce, "Ni tun da muka gudo nonona ya ƙafe." 'Yar uwa, firgici yana iya tsayar da zubowar nono na ɗan lokaci, amma bai rufe masana'antar ba. Ki yawaita sa shi a ƙirji fata da fata, ki ba shi dare da rana, zai dawo. Ko wadda ta daina shayarwa na makonni tana iya maido da shi da taimakon daya ko ma'aikaciyar abinci mai gina jiki. Uwa ko ba ta ƙoshi sosai ba tana yin nono mai amfani, jikinta ne ke biyan bashin. Maganin wannan a ciyar da ita.

Idan madarar ta zama dole

Akwai gidajen da ba su da zaɓi. Uwa ta rasu, ko tana kwance rai a hannun Allah, ko tana shan maganin da likita ya ce ba a shayarwa da shi, ko an gwada duk dabara nauyin yaro bai motsa ba. Wadda ta samu kanta a nan ba ta yi laifin komai ba, kar wanda ya goranta mata. Farko a duba ko akwai 'yar uwa mai shayarwa da za ta karɓe shi, bayan an duba lafiyarta a asibiti. Addini ya halatta hakan, yana nan a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, sai dai a rubuta wa ya sha nonon wa, saboda maganar aure gaba. Idan babu, to ga yadda za a rage haɗari.

A sayi madarar jarirai mai lamba 1. Nido da sauran madarar shayi, da madarar shanu ko ta akuya da ake kawowa ƙofar gida, ba abincin ɗan ƙasa da wata 6 ba ne. A duba ranar lalacewa, a duba murfin bai taɓu ba. Idan gwangwanin ya shigo ta kan iyaka da rubutun da ba ki iya karantawa, ki sa mai ajzakhana ya nuna miki awon. Kar ki yi ta tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan, duk masu lamba 1 kusan abu ɗaya ne.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke kofi ko fida, ki tafasa su. Ki tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka, ki sauke, kar ya wuce minti 30 kafin ki haɗa, domin garin madarar kansa yana iya ɗauke da ƙwayar cuta, sai ruwan da zafinsa ya kai digiri 70 ke kashe ta. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Ludayin cikin gwangwani za ki yi amfani da shi, a shafe bakinsa, ba tozo ba dannawa. Yawanci ludayi ɗaya ne ga mililita 30, amma wasu sun bambanta, ki bi abin da ke jikin naki. Ki sanyaya a cikin kwanon ruwa, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Kowane sha a haɗa sabo. Abin da ya rage a zubar, ko a ba babban yaro ya shanye nan take. A zafin Gadarif na Afrilu da Mayu, ga wuta ba tabbas, madarar da aka ajiye "sai an jima" guba ake dafawa. Don dare, ki ajiye tafasasshen ruwa a tarmus mai tsabta, ki haɗa idan ya farka.

Inda ruwa ya yi wuya, ƙaramin kofi ya fi fida, don ba shi da lungun da datti ke maƙalewa. Ko jaririn kwana ɗaya yana iya sha da kofi: ki zaunar da shi a cinya, ki kai bakin kofin leɓensa madarar ta taɓa, shi zai lasa da kansa. Kar ki ɗura.

Ga mai tumbuɗi, sirrin yana wajen awo. Ana lissafa kimanin mililita 150 ga kowane kilo a yini. Mai kilo 4 ke nan 600. Maimakon 100 sau shida, ki ba shi 60 sau goma. Abincin bai ragu ba, cikin ne aka daina cikawa har wuya. Idan da fida ne, ki zaunar da shi ya ɗan miƙe, ki riƙe fidar kusan a kwance yadda madara za ta cika kan robar kawai, ki riƙa tsayawa yana hutawa yana gyatsa. Idan ya kau da kai ya ƙoshi, kar ki ce sai ya shanye don kuɗi aka sa. Kar a faɗaɗa hudar robar da allura, kar a jingina masa fida da matashi a tafi aiki, kar a zuba kunu ko nasha ko garin biskit a ciki don ta yi kauri.

Akwai madara mai alamar AR wadda aka ƙara wa kauri. Tana rage abin da ke fitowa a gani, amma tana da tsada, tana iya sa kashi ya yi tauri, kuma yadda ake haɗa ta ya bambanta. Ta yaron da ya riga yake kan madara ce, bayan an gyara awo bai yi ba, kuma da shawarar likita. Ba a cire yaro daga nono don a sa shi a kanta.

Wadda za ta haɗa biyu, nono da madara, ta fara ba da nono kullum, madara ta biyo baya a matsayin ciko, kuma ta riƙe shayarwar dare, don ita ce ke riƙe da nonon. Wadda dole ta daina gaba ɗaya, ta sauya sha ɗaya a bar kwana biyu ko uku kafin na gaba, don kar ƙirjinta ya kumbura ya yi ƙurji. Kashin yaro zai canja launi da wari da tauri, wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar ba gudawa ba jini.

Saƙo ga iyayen gida da surukai

Alhaji, kuɗin da ka ware na gwangwani ka juya shi zuwa tukunyar mai jego: nama, ƙwai, wake, ful, gyaɗa, madidar hilba, kunun gyaɗa, da gangar ruwa da sabulu don wankin da ya ƙaru. Idan da hali, a samo mata mai taya ta aiki na wata biyu, ta samu sukunin riƙe yaro a kafaɗa bayan ya sha. Kuma idan ka kira waya, ka tambaye ta ita ma ya jikinta.

Iyayenmu surukai da kakanni, mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ku kuka raine mu har muka kawo yau. Roƙonmu ɗaya ne, a daina cewa yarinya "nononki ne ba shi da kyau" ko "nononki ruwa ne". Wannan kalma ta raba jarirai da yawa da abincin da Allah Ya tanadar musu. Ku ne za ku zaunar da ita ku ce, "Haka mijinki ya yi yana jariri, ga shi nan ya zama ƙato."

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba abincin farko bayan wata shida, da abin da za a iya haɗawa daga dawa da riɗi da gyaɗar da ke cikin gida. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalam.